Wurin da Dada Za Ta Sa Goshi

Ranar da Malam Bubayero ya toshe rariyar gidansa, sai da rabin layin ya fito kallo. Wata Asabar ce cikin daminar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da ɗan masallacin layinsu a Limawa ya daina ɗaukar jama'a. Mutanen da a da sai ran Juma'a ake ganin goshinsu a ƙasa duk sun koma 'yan sahun gaba. Sahu ya cika ya tumbatsa waje, ya miƙe har ƙofar gidan Bubayero, daidai inda ruwan wanka da na wanke-wanke da na wankin tsumman goyo ke malalowa titi. Sai aka kafa kwamitin tsaftar layi, aka ba Bubayero sakatare, tunda ma'aikacin gwamnati ne, ya iya tsara takarda, kuma ba a raba aljihunsa da biro biyu. Dokar farko da ya rubuta ita ce kada wani gida ya ƙara sako ƙazanta inda Musulmi ke sujada. Ya kuma ce da gidansa za a fara, don kada a ce shugabanni faɗa kawai suka iya.

Muntaka magini ya liƙe bakin rariyar, ya shafe ƙofar gida da siminti sumul, jama'a suka yi ta sa albarka. Da aka watse ya ɗauki diga da shebur ya bi mai gida ciki, har can ƙarshen gida, wani ɗan lungu da ke tsakanin masai da ɗakin Dada, mahaifiyar Bubayero.

"Nan za ka haƙa rami," in ji Bubayero. "Duk ruwan gida ya riƙa zuwa nan."

Muntaka ya kama haƙa. Ramin bai kai masa ƙugu ba diga ta fara tartsatsin wuta. Ya tsaya ya share gumi.

"Yallaɓai, dutse ne a ƙasa. Ramin nan ba zai sha ruwa ba, tara shi kawai zai yi."

"To a nemo kwanon rufi a rufe."

"Ga kuma ɗakin tsohuwa a jikinsa, ginin ƙasa ne."

"Ita ta ce maka wani abu?"

Muntaka ya waiwaya ya dubi Dada. Tana zaune a bakin ƙofarta tana goge ƙwarya da yashi, ta kau da kai gefe kamar ba a gabanta ake yi ba. Ba don ba ta ji ba ne, kunnenta ras yake. Bubayero ɗan farinta ne, ita kuwa Bafilatana ce ta gidan kunya. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana baki da baki. In tana da buƙata sai ta gaya wa matarsa, ta ce a faɗa wa mai gidan nan. Kowa a gidan ya san haka, amma babu wanda ya san amfaninsa kamar Bubayero.

Mako na zagayowa kwamiti ya fito da doka ta biyu, aka hana zuba shara a jujin da ke kusa da masallaci. Wasu gidajen suka riƙa kai tasu can bayan gari. Bubayero ya ce shi ba zai zubar da arziki ba, shara ai taki ce, a riƙa tara masa a buhu, rani na yi jakuna za su kwashe zuwa gonarsa ta hanyar Kiyawa. Ba a sha wahalar neman inda za a jera buhunan ba. Toka, ɓawon kabewa, hanjin kaza, kashin awaki, ragowar tuwon da ya kwana biyu, duk suka sami masauki a jikin bangon Dada.

Matar gidan, Nuriyya, a yi mata adalci, mace ce mai tsafta. Sau uku take wanke tsakar gida a yini. Tukwanenta sai ka ga fuskarka a jiki, yaranta ba a taɓa ganinsu da majina ba, matan layi har misali suke yi da ita. Sai dai duk abin da ta wanke daga gaban gida, baya yake gangarawa. Kwana tara ramin ya cika, ya tsaya cik, ya yi baƙi, ya fara tsiro da kumfa ta gefen kwanon.

Dada ba ta da saniya yanzu, ba ta da gona, haƙoranta ma sun tafi sun bar ta. Abin da ya rage mata a duniya salla biyar ne da wani farin buzu, kuma burinta ɗaya, ta kai sallar nan gaban Ubangiji da tsarkinta. Ɗakinta ƙarami ne, amma kullum a share yake, ƙorenta a kife a jere, tsintsiyarta a rataye. Wata la'asar ta kai goshi ƙasa sai ta ji sanyi. Da ta sallame ta ɗaga buzun, ta ga ƙasan ya yi duhu. Ta kai shi hanci, ta yi saurin kawar da shi. Ta san wannan ba ruwan sama ba ne.

Ta wanke buzun ta shanya, ta koma wata kusurwar. Bayan kwana uku damshin ya iske ta can. Ta barbaɗa toka, tokar ta jiƙe ta zama kunu. Ta roƙi yashi wajen masu gini a maƙwabta ta zuba, ya yi kwana biyu shi ma ya sallama. Ta fito da buzunta tsakar gida, ko niyya ba ta gama ba ta ji muryar Nuriyya a kanta, da bokiti a hannu.

"Dada, ɗan ɗaga in kora ruwa, yaran nan sun ɓata wurin."

Tsakar gidan ba ya bushewa, in ya bushe awaki sun bi ta kai. Zaure na maza ne. Falon Nuriyya kuwa, mai shimfiɗar kafet, nan Bubayero yake zama ya miƙe ƙafa, ba wurin da za ta shiga ba ne, kuma ba a taɓa ce mata ta shigo ba balle ta ƙi. Ranar ta daure ta yi magana.

"Nuriyya, ki faɗa wa mai gidan nan, ɗakin can yana tsattsafo."

"Damina ce, Dada. Gidan kowa haka yake."

"Wannan ba na sama ba ne. Na ramin ne."

"To, zan faɗa masa."

Ta kuwa faɗa masa, don washegari da ya zo gaisuwa ya taho da saƙo. Bubayero ba ya fashin gaida mahaifiyarsa, ko maƙiyinsa ya shaide shi da wannan. Kowace safiya kafin ya tafi ofis sai ya zo ya durƙusa a bakin ƙofarta, cikin farar shadda, yana ƙamshin turare. Abin da ya canza kawai shi ne durƙuson yana ta ja da baya, kuma yanzu da hankici a hanci ake yinsa, wai mura.

"Dada, an tashi lafiya?"

"Jam," ta ce, wato lafiya da Fillanci, tana kallon bango.

"Babu dai wata damuwa?"

Ta ci gaba da kallon bango. Damuwar tana kwance tsakaninsu, baƙa wuluk, ƙudaje na shawagi a kanta. In ba makaho ba ne shi, to ba sai an faɗa ba. Ya ɗan jira kaɗan, gwargwadon yadda zai iya rantsewa ya tambaya, sannan ya ajiye mata ƙunshin turaren wuta da kwalin maganin sauro, ya miƙe yana tattare bakin wandonsa.

Da ƙudajen suka fara ƙetarowa har kicin, sai aka zauna bincike, aka gano mai laifi. Nuriyya ta ce ƙoren Dada ne, da ɗan nonon da 'yan uwanta ke kawo mata daga ruga ranar kasuwa. Bubayero ya ce lallai kuwa, a ofis ma an yi musu bita, an ce nono yana jawo ƙwayoyin cuta. Aka kwashe ƙoren da Dada ke gogewa kullum da yashi tana kanga su a hayaƙi, aka cusa su cikin buhun taki, aka kawo mata kwanon roba mai murfi. Ta karɓa da hannu biyu ta ce an gode. Ƙudajen ba su ji labarin an kama mai laifi ba, suka ci gaba da zuwa.

Cikin watan Agusta aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ramin ya ɗaga kwanonsa, abin da ke ciki ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo ɗakin, ya haɗu da wanda ya tsiyayo daga buhuna. Dada ta yini tana kwarfewa da kwanon roba, tana kai wa ramin yana dawo mata da shi. Tsakanin yatsun ƙafarta ya yi fari ya tsattsage, cin ruwa ya kama ta. Buzun ya daina bushewa, gashinsa ya fara zubewa. Ta koma salla a kan gadon ƙarfenta. Ta gwada tsayuwa, gadon ya yi lilo da ita har ta kusa kifawa, dole ta koma yi a zaune, ita da ba ta taɓa salla a zaune ba ko ranar da ta yi arba'in da haihuwa. In ta yi alwala a bakin ƙofa, kafin ta kai gado ta taka abin da ta taka. Kowace salla sai ta idar da ita cikin shakka, kuma shakkar ta fi ciwon ƙafar ci mata rai.

Ana haka Goggo Adama mai daddawa, maƙwabciyarsu, ta leƙo, don ta kwana biyu ba ta ga ƙawarta ba. Tsohuwa ce mai baki, ba a shiga tsakaninta da gaskiya. Ta zo lungun ta ci birki, ta ja mayafi ta toshe hanci.

"Ke Bafilatana, a nan kike kwana? Shekara talatin ina sana'ar daddawa, wari bai taɓa kora ta ba sai yau."

"Shigo mana, Kaɗo. Bi ta kan dutsen can."

Adama ta tattare zani ta tsallaka, ta zauna a bakin gado, ta dubi ƙasa, ta dubi ƙafar Dada. Wasan ya fita daga bakinta.

"Kin gaya masa?"

"An gaya masa."

"Ban ce an gaya masa ba. Ke, da bakinki."

"Na fari ne, Adama."

"Na fari ne sai me? Ni nawa na farin ko jiya sai da na ja masa kunne a gaban matarsa. Wannan kunyar taku ita za ta kashe ku."

"Haka muka taras. Uwata ba ta taɓa kiran yayana ba, amma in ta yi tari sau ɗaya ya san me take so."

"To naki ko tarin fuka kika yi ba zai sani ba."

Adama ba ta bar gidan ba sai da Bubayero ya dawo daga aiki. Ta tare shi a tsakar gida, kuma da yake ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, Dada tana jin komai daga ɗaki.

"Ɗan nan, ka shiga ɗakin uwarka kuwa?"

"Kullum ina gaishe ta, Goggo."

"Shiga na ce. Kun gyara wa ƙartin layi wurin sujada, ita ko ina za ta sa nata goshin?"

"Goggo, maganar nan tana cikin tsari. Ba a fasa siminti da damina. Kuma ni ne sakatare, in na buɗe rariyata yau, gobe kowa zai buɗe tasa, sallar jama'a ta lalace. Kin ga ai ba a ɗauki alhakin mutum ɗari saboda mutum ɗaya ba." Ya ɗan rage murya, amma ba ta ragu yadda yake so ba. "Kuma Dada a ruga ta tashi, cikin shanu. Wannan ɗan warin da ke damunku, ita ba ya damunta. Da yana damunta da ta faɗa."

Wannan maganar ta fi ruwan ramin yi wa Dada ciwo. A rugar da yake faɗa, kafin rana ta fito ta share gaban bukka, ta wanke ƙore, ta wanke shi kansa. Shanu da wurinsu, mutane da wurinsu. In mashekari, wato mazaunin shanu, ya ɓaci tashi ake yi a bar wa manomi, babu mai kwana a kan ƙazantarsa. Ashe yaron da ta goya a can abin da ya riƙe ke nan, cewa uwarsa ba ta san wari ba. Ta juya fuska bango ta yi kuka, marar sauti, irin na tsofaffi.

Ta yi kwana biyu tana juya abin a ranta. Ba za ta kai ƙarar ɗanta ba, Allah ya kiyaye. Amma salla ba tata ba ce balle ta yafe. Ran Laraba da la'asar, ta jira aka sallame, ta yafa mayafi, ta dogara sanda ta fita. Rabonta da ƙofar gida tun kafin a liƙe rariyar. Ta tsaya tana kallon simintin, fari tas, a share, tabarmi a jere, har da 'yan duwatsu da aka shafa wa farar ƙasa. Maza na zaune suna lazimi. Ta rakuɓe daga gefe ta durƙusa, ta yi sallama ga liman, Malam Jaji.

"Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni."

"Bismillah, Inna."

"Wata tsohuwa ce. Najasa ke tsattsafowa a ɗakinta, ƙasa da bango. Ta wanke, ta zuba toka, ta zuba yashi, abin ya ƙi. Ba ta da wani wurin. Sallar da take yi a haka, ta yi, ko sai ta rama?"

Malam Jaji mutumin kirki ne, ya tausaya. Ya ce addini sauƙi ne, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. In har ta yi iyakar ƙoƙarinta kuma ba ta da mafita, lalura ce, sallarta ta yi, babu ramuwa a kanta. Sai ya ƙara da tambaya.

"Amma ita wannan baiwar Allah, ba ta da ɗa ne?"

Bubayero yana sahu na biyu. Dada ba ta dube shi ba, amma tana jin ƙarar carbinsa, ya ƙara sauri.

"Tana da shi," ta ce. "Aiki ne ya yi masa yawa."

"Subhanallahi. Allah ya shirye shi."

Jama'a suka amsa da amin, kuma muryar da ta fi fitowa ta sakatare ce. Har ya zaro biro ya ce lallai kwamiti zai sa wannan a ajanda, a bi gida-gida a gano ko wane ne. Waɗanda suka gane suka sunkuyar da kai, don kowannensu ya san inda ya juya tasa rariyar.

Dada ta koma ciki tana ganin ko ba komai yau ya ji da kunnensa, a gaban mutane, kuma ba ta tona shi ba. Washegari ya zo gaisuwa da fara'arsa, har durƙuson ya ɗan matso.

"Dada, kin dai ji abin da Malam ya faɗa. Sallarki ta yi, babu ramuwa. Sai ki kwantar da hankalinki, ni ma wallahi nawa ya kwanta." Ya gyara hula. "Sai dai fita cikin maza, a wannan lokacin da muke ciki, bai dace ba. In da tambaya a ba ni, ni zan kai."

Daga ranar ko turaren wutar ba a ƙara kawowa ba. In Nuriyya ta ɗaga maganar ramin, don ita ma warin ya fara isa ɗakinta, sai ya ce ai an yi fatawa.

Damina ta ja jiki, gero ya nuna, ramin yana nan. Buhunan taki suka fashe ta ƙasa, tsutsotsi suka yi hanya ta bakin ƙofar Dada. Zazzaɓi ya fara kama ta yana saki, sannan ya kama bai saki ba. Daga baya amai da gudawa suka biyo. Tsohuwar da ba ta yarda ko jikanta ya ga ta shiga masai ba, yau ita ake ɗagawa ana canza wa zani. Nuriyya na yi, tana ɗauke numfashi, in ta gama ta wanke hannu da sabulu sau uku, ruwan ya gangara inda ya saba.

Aka kira wani malamin asibiti da ke bayan layi ya sa mata ƙarin ruwa. Ya rasa inda zai ajiye jakarsa, ya rataye ta a wuya.

"Malam, a fitar da ita daga ɗakin nan. In ba haka ba, ina zuba magani ne ɗakin yana kwashewa."

"Ai ka san tsofaffi," in ji Bubayero daga waje. "Ba sa son a raba su da ɗakinsu. In ka matsa mata sai ka ƙara mata ciwo."

Babu wanda ya tambayi Dada. Gudawar ta tsaya bayan kwana shida, amma ta tafi da ƙafafun. Dada ta koma sai an tayar, sai an kwantar. Ko zaman sallar ya gagara.

Labari ya kai ofis cewa mahaifiyar Malam Bubayero tana kwance. Shugabansu ya aiko cewa ran Lahadi gab da azahar zai zo dubiya da manyan ma'aikata. Da 'yan kwamiti suka ji, suka ce su ma a ranar za su shigo, da liman a gaba. Tsohuwa ce, uwar kowa, har ɗakinta za a shiga a yi mata addu'a.

Ran Asabar, rana ba ta gama fitowa ba Dada ta ji ƙarar diga a bayan bangonta, da muryar Muntaka, da ta ɗanta yana ba da umarni kamar mai kashe gobara. Jakuna uku suka zo, ashe ba sai rani suke aiki ba, suka kwashe buhunan tas. Aka kwarfe ramin aka cike shi da ƙasa. Muntaka ya huda katangar baya ya zura bututu, ya kai ruwan wani fili mai yashi da ke bayan gidan, ya haƙa masa rami mai zurfi a can. Filin na Bubayero ne. Ya daɗe yana tanadinsa don ginin haya, shi ya sa ba ya son a ɓata shi.

Aka ɗaga gadon Dada da ita a kai aka fitar tsakar gida. Aka kankare ƙasan ɗakin, aka hura gawayi a kasko huɗu, aka zuba sabon yashi, aka shafe bango da farar ƙasa. Nuriyya ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta turara ɗakin. Da aka mayar da gadon, ladan bai kira azahar ba tukuna. Dada ta kwanta tana lissafin abin a ranta. Wata uku tana jira, ashe aikin bai kai rabin yini ba.

Baƙi suka zo ran Lahadi, manyan riguna suka cika ɗakin. Shugaban ofis ya dubi bango, ya dubi tabarma, ya shaƙi turare, ya girgiza kai.

"Malam Bubayero, Allah ya yi maka albarka. Yadda ka riƙe tsohuwar nan, Allah ya ba ka masu riƙe ka haka."

Aka ce amin. Dada ta ji addu'ar ta sauka a ƙirjinta da nauyi. Ko yanzu ba ta so a riƙe shi haka ba, don haka ita kaɗai ce a ɗakin ba ta amsa ba. Malam Jaji ya matso ya tambaye ta jiki, sannan ya tuna.

"Inna, ita kuwa tsohuwar nan da kika yi tambaya a kanta, an gyara mata?"

"An gyara, Malam."

"Alhamdu lillahi. Kin ga addu'a ba ta faɗuwa."

"Ai Dada ba ta da matsala," in ji Bubayero, yana raba wa baƙi goro. "Tunda nake da ita ban taɓa jin ta yi kuka da wani abu ba."

Ladan ya kira salla. Manyan riguna suka miƙe suka fita ɗaya bayan ɗaya, suna neman takalmansu, aka bar ta ita kaɗai. Tana jin su a waje suna daidaita sahu.

Ta juyo da kai ta dubi ƙasa. Ga wuri nan, taku ɗaya daga gadonta, a share, a bushe, ya ishi mutum ya tsaya ya yi ruku'u ya kai goshi. Ta dafa ƙarfen gado ta yunƙura. Ƙafafun ba su amsa ba. Ta huta, ta sake yunƙurawa, gumi ya keto mata, kafaɗarta ta ɗan ɗagu ta koma. Sai ta sauke hannu ɗaya ta gefen gadon, ta miƙa shi har yatsunta suka taɓa tabarmar. Babu sanyi, babu damshi. Ta daɗe tana shafa ta.

A waje liman ya ce Allahu akbar, ta ji sahu ya sauka ƙasa gaba ɗaya. Dada ta janye hannunta, ta shafa bango ta yi taimama, ta juya gefen damanta da ƙyar, ta tayar da sallarta a kwance. Da ta zo sujada, sai ta runtse ido.